BABI NA UKU: HANYOYIN KARE KAYAN MOTSA JIKI NA FILIN WASA DAGA TSATSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan ire-iren kayan motsa jiki da ake kafawa a sarari, a filayen makarantu da barikoki da unguwanni, kamar sandar lilo ta ƙarfafa damtse, da tagwayen sanduna, da bencin ɗaga ƙarfe, da turakun ragar ƙwallon ƙafa da na ƙwallon kwando. Kusan dukkan waɗannan kaya da baƙin ƙarfe ake ƙera su, kuma a waje suke kwana, rani da damina. A wannan babi za a duba babban abin da ke kashe su, wato tsatsa. Za a fara da bayanin yadda take samuwa da abubuwan da ke hanzarta ta, sannan a nuna wuraren da ta fi kamawa a jikin kayan, daga nan sai a fayyace hanyoyin da ake bi a tare ta.

Muhimmancin wannan batu ya wuce maganar kyan gani. Sandar da ɗalibi zai rataya a jikinta da dukkan nauyinsa, in ta karye daga gindi, rauni ne ko karaya. Ta fuskar dukiya kuwa, binciken da ƙungiyar NACE ta Amurka ta fitar a shekarar 2016 ya ƙiyasta cewa asarar da lalacewar ƙarafa ke jawo wa duniya a shekara ta kai dala tiriliyan 2.5, wato kimanin kashi 3.4 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa. Abin da babin zai tabbatar shi ne, tsatsar da ke karya kaya a ɓoye take aikinta, a gindin turke da bakin walda da cikin fayif, don haka kariyar da za ta yi amfani tun daga ranar ƙira da kafawa take farawa.

3.1 Ma'anar Tsatsa da Yadda Take Samuwa

Tsatsa ita ce jan ɓawon nan mai ruɓushi da ke fitowa a jikin baƙin ƙarfe idan ya daɗe yana haɗuwa da ruwa da iska. A ilmin kimiyyar haɗa sinadarai, tsatsa haɗuwa ce ta abubuwa uku, wato ƙarfe, da iskar oksijin, da ruwa. In aka rasa ɗaya daga cikin biyun ƙarshe, tsatsa ba ta samuwa. Wannan shi ne ginshiƙin duk wata dabarar kariya da za a ambata nan gaba.

Asalin ƙarfe tama ce, wadda ake haƙowa daga ƙasa a haɗe da oksijin. Da wuta mai tsanani ake raba su a samu ƙarfe tsantsa, kamar yadda maƙeran ƙasar Hausa suka daɗe suna narka tama tun kafin zuwan Turawa. Ashe ke nan, tsatsa komawar ƙarfe ce zuwa ga asalinsa.

Yadda abin ke faruwa ya yi kama da aikin batir. Idan ɗigon ruwa ya zauna a kan ƙarfe, sai wani ɓangare na ƙarfen ya riƙa narkewa cikin ruwan kaɗan-kaɗan, yana sakin ƙwayoyin lantarki. Waɗannan ƙwayoyi sukan bi ta jikin ƙarfen zuwa wani ɓangaren inda oksijin ya fi yawa, a can su haɗu da shi da ruwa. Abin da ya fito daga ɓangarorin biyu shi ke haɗuwa ya zama tsatsa. Abin lura a nan shi ne, ɓangaren da iska ba ta isa sosai shi ne ke narkewa. Dalili ke nan da ya sa ƙarfe ya fi cinyewa a lungu, da ƙarƙashin datti, da tsakanin noti da abin da ya ɗaure, fiye da wurin da yake a buɗe.

Akwai siffofi biyu na tsatsa da suka sa ta zama mai haɗari. Na farko, ba ta manne wa ƙarfe ta rufe shi. Sakwa-sakwa take, tana shan ruwa ta riƙe, don haka tsatsar jiya ita ke ciyar da ta yau. Na biyu, girmanta ya ninka na ƙarfen da ta ci, daga ninki biyu zuwa sama. Saboda haka takan kumbura ta ɗaga fenti, ta fasa kankaren da aka binne turke a ciki, ta kuma ƙame noti har ya ƙi kwancewa.

3.2 Abubuwan da ke Hanzarta Tsatsa a Filin Wasa

3.2.1 Ruwan Sama da Laima da Raɓa

Ba sai ruwa ya zuba a kan ƙarfe yake tsatsa ba. Gwaje-gwajen masana sun nuna cewa da zarar laimar iska ta haura kimanin kashi 60 cikin ɗari, wani siririn danshi da ido ba ya gani yakan kwanta a jikin ƙarfe, kuma ya isa ya tayar da tsatsa. A ƙasar Hausa kusan duk ruwan shekara a cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ne watan marka. A wannan tsakani ne ake yin mafi yawan ɓarnar shekara. Da kaka kuma raɓar asuba takan ci gaba da jiƙa ƙarfe ko da ruwa ya ɗauke. Da hunturu da bazara kuwa iska takan bushe ƙwarai, sai tsatsa ta yi kamar ta tsaya.

Wannan yanayi alheri ne idan aka kwatanta shi da na garuruwan bakin teku irin su Legas da Fatakwal, inda laima ba ta yankewa kuma iska ke ɗauke da gishirin teku. Sai dai kuma yana yaudarar masu kula da kaya, domin ganin ƙarfe a bushe tsawon wata bakwai yakan sa a ɗauka ba ya bukatar kulawa.

3.2.2 Gumi

Abin da ya bambanta kayan motsa jiki da sauran ƙarafan da ke waje shi ne gumi. Gumin ɗan'adam yana ɗauke da gishiri, shi kuwa ruwan gishiri ya fi ruwa tsantsa saurin ɗaukar lantarki, saboda haka aikin batir ɗin da aka bayyana a sama yakan ƙara gudu. Bugu da ƙari, gishirin da ya bushe a kan sanda yakan jawo danshi daga iska, ya kuma huda ƙarfe ƙananan ramuka masu zurfi. Ga kuma gogayyar tafin hannu da ke cinye fenti a daidai wurin kamu. Ke nan wuri guda ya haɗa matsala biyu, ga rashin fenti ga gishiri.

3.2.3 Ƙura

Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, tana yin illa ta hanyoyi biyu. Takan shiga gaɓoɓin da ke juyawa ta cakuɗe da giris, ta zama kamar samfefa tana cin ƙarfe. Sannan takan taru a lunguna da cikin fayif ɗin da bakinsa ke buɗe, ta zauna shiru har ruwan farko ya sauka, sai ta koma taɓo mai riƙe danshi kwana da kwanaki.

3.2.4 Fitsari da Kashin Dabbobi

A filayen da ba su da shinge, akan ɗaure awaki da tumaki a jikin turaku, wani lokaci ma mutane kan tsuguna a gindinsu. Fitsari yana da gishiri da wasu sinadarai masu cin ƙarfe, kuma a daidai wurin da ya fi rauni yake zuba.

3.2.5 Haɗa Ƙarafa Mabambanta

Idan aka haɗa ƙarafa iri biyu wuri ɗaya ruwa ya taɓa su, ɗaya yakan cinye don ɗaya ya tsira. Alal misali, tagulla a jikin baƙin ƙarfe takan sa baƙin ƙarfen ya lalace da wuri, alminiyam kuwa shi ne ke cinyewa idan aka ɗaure shi da baƙin ƙarfe. Maganin wannan shi ne a sa roba a tsakaninsu ta raba su.

3.3 Wuraren da Tsatsa Ta Fi Kamawa

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, za a ga cewa tsatsa ba ta cin kaya bai ɗaya. Akwai wurare biyar da ta fi zama:

(a) Gindin turke, daidai inda ƙarfe ya shiga ƙasa ko kankare.
(b) Bakin walda.
(c) Cikin fayif.
(d) Noti da kusoshi da gaɓoɓin da ke juyawa.
(e) Wurin kamun hannu da wurin taka ƙafa.

Daga cikinsu gindin turke ne ya fi haɗari. Ɓangaren da ke cikin kankare yana samun kariya, domin siminti yana da sinadari irin na toka wanda ke hana ƙarfe tsatsa. Ɓangaren da ke sama kuma yakan bushe da zarar rana ta fito. Amma layin da ke tsakaninsu, wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba, nan ne ruwa ke kwanciya, nan ƙasa ke taruwa, nan kuma nauyin mai lilo ke lanƙwasa ƙarfen gaba da baya. Sau da yawa akan ga turke yana ƙyallin sabon fenti daga sama, alhali gindinsa ya zama kamar ɓawon ƙwai.

Bakin walda shi ne na biyu. Zafin walda yakan ƙone duk wani fenti ko tutiya da ke kusa, ya bar ƙarfen tsirara. Haka kuma, idan ba a kankare kashin walda ba, yakan riƙe danshi a ƙarƙashinsa, daga baya ya ɓare tare da fentin da aka shafa a kansa. Waldar ɗige-ɗige, wadda ake yi don tsimin waya, takan bar ƙofofin da ruwa ke shiga ya kasa fita.

Cikin fayif kuwa ba mai ganinsa, ba kuma mai yi masa fenti. In bakinsa na sama a buɗe yake, ruwan damina yakan cika shi kamar tulu, sai tsatsa ta ci shi daga ciki zuwa waje. Kafin a ga alama a bayansa, kaurinsa ya riga ya tafi.

3.4 Hanyoyin Kariya

3.4.1 Zaɓen Ƙarfe

Matakin farko shi ne zaɓen abin da za a ƙera kayan da shi. Akwai zaɓi uku da aka fi samu.

Na farko shi ne baƙin fayif. Shi ya fi araha, ya kuma fi sauƙin walda, amma ba shi da wata kariya ta kansa, rayuwarsa ta dogara ne kacokan ga fenti. Idan da shi za a yi aiki, ya kamata a zaɓi mai kauri, kamar milimita 3, domin ko tsatsa ta ci wani abu, za a sami saura. Siririn fayif irin na kujeru da gadaje bai dace da turke ba ko kaɗan.

Na biyu shi ne fayif mai tutiya, wanda 'yan kasuwa ke kira galbanaiz. Ana samar da shi ne ta hanyar tsoma ƙarfe a cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450 a ma'aunin Salshiyas. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel ne ya yi wa wannan dabara rajista a shekarar 1837, kuma ita ce ake amfani da ita wajen yin kwanon rufi. Tutiya tana kare ƙarfe ta hanyoyi biyu: tana rufe shi, sannan ko an karce ta, ita ce za ta riƙa cinyewa a madadin ƙarfen da ke kusa da karcen. Ƙa'idar ISO 9223 ta kasa yanayin wurare aji-aji gwargwadon yadda suke cin ƙarfe. A aji na uku, wato matsakaicin yanayi, baƙin ƙarfe yakan rasa maikiron 25 zuwa 50 na kaurinsa a shekarar farko, tutiya kuwa maikiron 0.7 zuwa 2.1 kacal. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ita kuma ƙa'idar ISO 1461 ta tanadi cewa ƙarfen da kaurinsa ya haura milimita 3 har zuwa 6 ya sami rufin tutiya na maikiron 70. Idan aka raba 70 da 2.1, za a ga cewa rufin zai iya haura shekara 30 a sarari. A aji na huɗu, inda tutiya ke rasa har maikiron 4.2 a shekara, lissafin ya koma wajen shekara 17. Wannan lissafi na jikin da ke cikin iska ne. Gindin turke yana bukatar ƙarin kariya.

Akwai abubuwa biyu da za a kiyaye game da galbanaiz. Walda tana ƙone tutiya, saboda haka dole ne a goge bakin waldar a shafa masa fenti mai garin tutiya. Sannan hayaƙin da ke tashi yayin waldar yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, don haka a sarari ake yin ta, mai walda kuma ya kauce wa hayaƙin.

Na uku shi ne farin ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Shefild na Ingila a shekarar 1913. Sirrinsa shi ne sinadarin kuromiyam, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari na ƙarfen. Kuromiyam yakan haɗu da oksijin ya yi wata siririyar fata mai manne wa ƙarfen, wadda in an karce ta take sake rufewa da kanta. Nau'in da ake kira 304 ya wadatar a wuraren da ke nesa da teku, nau'in 316 kuwa shi ya fi jure gishiri. Tsadarsa ta sa ba kowace makaranta za ta iya yin dukkan kayanta da shi ba. Amma ana iya taƙaita shi ga sandar kamu da noti da kusoshi, inda fenti ba ya daɗewa.

3.4.2 Tsarin Ƙira da Kafawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Mafi yawan abin da ke tsawaita ran kaya ba ya cin kuɗi mai yawa, illa dai sai an tuna da shi kafin a zuba kankare. Matakan su ne:

(a) A toshe bakin kowane fayif na tsaye da murfin ƙarfe, a yi masa walda kewaye.
(b) A huda ƙaramar ƙofa a ƙasan turke, sama kaɗan da kankare, a kuma cike cikin fayif ɗin da siminti har zuwa bakin ƙofar, don duk ruwan da ya shiga ya sami mafita. Kada ƙofar ta kai girman da yatsan yaro zai shiga.
(c) A yi walda mai ɗorewa ba yankewa, a kankare kashinta, a goge ta ta yi sumul.
(d) A ɗaga kankaren gindi ya ɗara ƙasa da kamar faɗin yatsu huɗu, a yi masa doro yadda ruwa zai gangare daga jikin turke.
(e) A shafa kwalta ko fentin kwalta a ɓangaren da za a binne, har ya hauro sama da kankare da kamar taƙi ɗaya.
(f) A guji kafa kaya a kwari, ko bakin magudana, ko ƙarƙashin indararo.

Haka kuma, kusurwa mai kaifi ba ta riƙe fenti, domin yakan janye daga kanta yayin bushewa. Goge kaifin kafin fenti yana kare ƙarfen, yana kuma kare hannun mai wasa.

3.4.3 Fenti

Fenti shi ne kariyar da aka fi sani, shi ne kuma aka fi yi ba bisa ƙa'ida ba. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce, in gasar wasanni ta ƙarato sai a kira mai fenti ya bi turaku da shafe ɗaya a kan tsohuwar tsatsa. Irin wannan fenti rufe danshi yake yi a ciki, kafin damina ta fita ya kumbura ya ɓare. Ingancin fenti ya fi dogara ga shirin da aka yi wa ƙarfen fiye da tsadar gwangwanin. Tsarin da ya dace shi ne kamar haka:

Da farko a kankare tsatsa da tsohon fentin da ya ɗaga, da burushin waya da samfefa ko injin guga, har sai hasken ƙarfe ya bayyana. Na biyu, a wanke gishirin gumi da ruwa da sabulu, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai, sannan a goge maiƙo da tina. A lura cewa tina ba ta cire gishiri, ruwa ne ke cire shi. Idan akwai ramukan da burushi bai kai ba, ana iya shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosfet, wanda ke mayar da ita baƙin ɓawo mai tauri. Na uku, a shafa fentin ƙasa, wato jan fentin nan na ƙarfe ko mai garin tutiya, a ranar da aka yi gugar, domin ƙarfen da aka goge ba ya kwana tsirara. Na huɗu, a bi bakin walda da kusurwoyi da noti da ƙarin shafe na musamman. Daga ƙarshe a yi shafe biyu na fentin sama, ana barin kowanne ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani. Shafe uku marasa kauri sun fi shafe ɗaya mai kauri.

Akwai sharuɗɗan yanayi da masu sana'ar ke kiyayewa. Ba a fenti idan laima ta haura kashi 85 cikin ɗari, ko lokacin da raɓa ke jikin ƙarfe. Ba a kuma yin sa da tsakar ranar bazara, lokacin da ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa, domin fentin zai bushe daga sama kafin ya kama. Game da galbanaiz, fentin mai na yau da kullum ba ya zama a jikin tutiya, yakan saɓule kamar fatar maciji. Sai an fara shafa fentin ƙasa da aka yi musamman dominta.

Wajibi ne a guji fenti mai darma, musamman tsohon jan fentin darma da aka daɗe ana shafa wa ƙarafa. Darma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, su kuwa yara hannunsu daga sanda sai baki. Idan ana zaton tsohon fenti na da ita, a jiƙa shi kafin a goge don kada ƙurarsa ta tashi, a kuma kwashe abin da ya zuba.

Kayan da ake shigowa da su daga masana'antu galibi da fentin gari ake rufe su, wanda ake fesawa a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200. Yana da ƙarfi, amma da zarar ya fashe, tsatsa takan bi ta ƙarƙashinsa tana yaɗuwa. Don haka duk karcen da aka gani a toshe shi nan take.

3.4.4 Mai da Giris

Shafa wa ƙarfe mai tsohuwar dabara ce, da ita ake adana wuƙa da takobi da fartanya. A kayan motsa jiki, gurbinta shi ne gaɓoɓin da ke juyawa da zaren noti. Kafin a sa sabon giris sai an wanke tsohon da kananzir, saboda ƙurar da ya kwasa. Sandar ɗaga ƙarfe da faifanta akan goge su da tsumma mai ɗan mai kaɗan, sannan a bi da busasshen tsumma. Shafa baƙin man mota a wurin kamu kuskure ne, domin yana sa santsi, yana kama ƙura, kuma yawan taɓa shi na cutar da fata.

Duk abin da ke ɗaukuwa, a shigar da shi ɗaki bayan wasa, a ɗora shi a kan katako. Wanda za a rufe da tamfol kuma a bar masa wurin shan iska daga ƙasa, in ba haka ba tamfol ɗin zai tara gumi ya zama shi ne cutar.

3.5 Kulawa Bisa Lokutan Shekara

Tun da tsatsa a ƙasar Hausa da damina take tafiya, ya dace aikin kulawa ya bi zagayen shekara:

(a) Ƙarshen hunturu zuwa bazara, wato Fabrairu zuwa Afrilu: lokacin babban gyara ke nan. A share ƙura, a yi walda, a yi fenti da safe kafin rana ta yi zafi, a ranar da ba iska mai ƙura.
(b) Damina: a riƙa duba gindin turaku bayan kowane babban ruwa, a janye ƙasa da ciyawar da suka rufe kankare, a zokale ƙofofin fitar ruwa.
(c) Kaka: a wanke kaya, a toshe duk karcen da aka samu da hantsi bayan raɓa ta bushe.
(d) Hunturu: a sauya giris, a goge gaɓoɓi a kai a kai.

A kowane mako kuma a wanke wuraren kamu da ruwa da sabulu a tsane su. Yana da kyau malamin wasanni ya buɗe littafi da zai riƙa rubuta ranar dubawa da abin da aka gani da gyaran da aka yi, domin in an yi masa canjin wurin aiki wanda ya gaje shi ya san inda aka kwana.

3.6 Bambance Abin Gyara da Abin Cirewa

Ba kowace tsatsa ce fenti ke magancewa ba. Ana iya kasa ta gida uku. Akwai ta sama-sama, wadda samfefa ke sharewa. Wannan guga da fenti sun ishe ta. Akwai mai ɓawo da ramuka, wadda ta fara rage kauri. Wannan sai mai walda ya duba, ya yanke wurin ya sa sabo. Akwai kuma wadda ta huda ƙarfe ko ta tsaga walda. Irin wannan a dakatar da amfani da kayan nan take, a kwantar da shi ƙasa.

Gwajin ba shi da wuya. A tone gindin turke kaɗan, a ƙwanƙwasa shi da guduma. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi ƙara tangaran, ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa a dushe take, wani lokaci ma ya loɓa. Sannan a soka tsinin sukundireba a ramukan, a kuma girgiza turken da ƙarfi a ga ko yana motsi. Jan ruwa da ke tsatsowa daga bakin walda ko ƙofar ƙasa alama ce ta cewa ciki ya kamu.

Akwai kuma batun yanka. Mutane da yawa sun ɗauka tsatsa ce ke kawo ciwon sarƙe-haƙora. Hasali ma ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ƙarfe mai tsatsa hanya kawai yake buɗe mata ta shiga jiki. Duk wanda ya yanke a filin wasa a wanke raunin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti a duba batun allurar rigakafi.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa tsatsa tana samuwa ne daga haɗuwar ƙarfe da ruwa da oksijin, kuma gumi da ƙura da fitsari da haɗa ƙarafa mabambanta suna ƙara mata sauri. An nuna cewa gindin turke da bakin walda da cikin fayif su ne wuraren da ta fi yi wa illa, kuma su ne ido bai cika kaiwa ba. An kuma fayyace matakan kariya huɗu, wato zaɓen ƙarfe, da kyautata ƙira da kafawa, da fenti bisa ƙa'ida, da sa mai a inda ya dace, tare da tsarin kulawa mai bin lokutan shekara da hanyar gane kayan da ya kamata a cire. A babi na gaba za a duba wanda nauyin wannan kulawa ya rataya a wuyansa, da yadda za a sanya ta cikin kasafin kuɗin wasanni na shekara.